Allurar Kontar Ta Kwanta: Ina Za a Fara Nema?

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu saurare, na Arlit da Akokan, da waɗanda muryarmu ta iske a kan hanya, ko a gareji, ko a teburin mai shayi. Shirinmu na yau na direbobi ne da kanikawa da yaran gareji, da duk wanda ke da tsohuwar mota yana lallaɓa ta. Za mu yi magana a kan kontar, wato malejin da ke nuna gudun mota da kilomitar da ta ci, da kuma ɗan ƙaramin abin nan da ke aiko masa da labari daga jikin giya, wanda kanikawa ke kira kaptar.

Ka shiga tasha ka leƙa tablon motocin da ke lodi. Da dama za ka tarar allurarsu ta kwanta a kan sifiri, ta yi shekaru ba ta ɗaga ba. In ka tambayi direba sai ya ce maka, "Ai kontar ba ya hana mota tafiya." Haka ne, ba ya hana ta tafiya. Amma ni ban yarda ƙaramin abu ne ba, balle a wannan yanki namu. Daga nan Arlit zuwa Agadez kilomita kusan 240 ne. Zuwa Assamaka ya ɗan haura 200. Zuwa Tahoua ya haura 600, a kan hanyar da aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 don jigilar uraniyom, wadda dukanmu mun san halin da ta shiga. A irin wannan tafiya da kilomita ake lissafin mai. A ce motarka na shan lita 15 a kilomita 100. Ka san lita 36 za ta kai ka Agadez in hanya ta yi kyau, ka kuma san abin da za ka ƙara saboda rairayi. Allurar mai ta tsohuwar mota ba abar dogaro ba ce, tana iya nuna rabi alhali tanki ya kusa ƙafewa. Wanda ƙidayar kilomitarsa ke aiki yana da shaida ta biyu. Wanda tasa ta mutu kuwa da tsammani yake tafiya, da tsammani kuma yake juyen baƙin mai, a ƙasar da ƙura ke cinye inji.

Mutanen garin nan ba su manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara, a arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Allah Ya jiƙansu. Ba kontar ne sanadi ba, ba kuma haka nake nufi ba. Abin da nake so mu riƙe shi ne, direban da mota ta tsaya masa a daji, tambayar farko da zai yi wa kansa ita ce: nawa na ci, nawa ya rage? Komawa ta fi kusa ko ci gaba? Wannan amsa a tablo take.

To, yaya abin yake aiki? Motocin da ke yawo a garin nan iri uku ne a wannan fanni, kuma sai ka san wacce ce taka kafin ka ɗauki safana.

Na farko su ne masu kabul, irin su Peugeot 504 da 505, da tsofaffin Hilux da Land Cruiser. Waɗannan ba su da kaptar sam. A ƙarshen giya, inda juyi ke fita zuwa tayoyi, akwai wani ɗan haƙori na roba. Shi ke juya wata siririyar igiyar ƙarfe mai baki murabba'i da ke kwance cikin riga, ta taso har bayan tablo. A can tana juya maganaɗisu kusa da wani ɗan kofi na alminiyom, maganaɗisun ya riƙa jan kofin, kofin ya ja allura, wani siririn sifirin kuma ya riƙa mayar da ita baya. Wani Bajamushe mai suna Otto Schulze ne ya yi rajistar wannan dabara a 1902, kuma ta yi kusan shekara tamanin tana mulki.

Daga ƙarshen shekarun 1980, da injinan esansi suka samu ƙwaƙwalwa, sai aka yi wani tsaka-tsaki: kabul yana nan, amma an ɗora ɗan makunni a cikin kontar ɗin kansa, yana buɗewa yana rufewa sau 4 a kowane juyi, yana gaya wa ƙwaƙwalwa gudun mota. Mai irin wannan mota zai iya kwana ƙarƙashinta yana neman kaptar bai gani ba, don yana bayan allura. Sannan aka cire kabul gaba ɗaya aka ɗaura kaptar a mazauninsa a jikin giya, waya ta maye gurbin igiya, wannan shi ne iri na biyu. Yawancin Corolla da Carina E na shekarun 1990, da Peugeot 406, haka suke. Iri na uku kuma su ne masu birkin ABS na baya-bayan nan, waɗanda da yawansu daga kaptar ɗin tayoyi suke ɗauko gudu, babu komai a jikin giya.

Illar mutuwarsa ma ta bambanta. Land Cruiser mai injin gazuwal 1HZ, wanda masu zuwa haƙar zinariya a Tchibarakaten da Djado ke amfani da shi, famfonsa na ƙarfe ne zalla, ba ruwansa da ƙwaƙwalwa. In kaptar ya mutu kontar ne kawai zai tsaya, inji ko a jikinsa. Amma ƙaramar mota mai esansi da ƙwaƙwalwa, labarinta daban ne. Ka ɗaga ƙafa daga totur, ka taka kuloci za ka tsaya, sai inji ya yi ƙasa ya mutu. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa ba ta san motar na gangarawa ba ne ko tana tsaye, sai ta rikice wajen ba da mai da iska. Masu Peugeot 206 da 406 sun san wannan ciwo sarai. Mai giyar otomatik kuma zai ji tana canji da fizga, ko ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi hawa, wata sa'a fitilar O/D OFF ta riƙa ƙiftawa. An sha sauke giya lafiyayya a wargaza ta, an sha canza filogi da famfon mai, alhali cutar na jikin abin da bai fi babban yatsa ba.

Amma kada wannan ya sa ka ruga shago. Nan ne ma aka fi yin asara. Da an ce kontar ba ya aiki sai a ce a sayo kaptar, a aika Agadez ko Kano a jira mako guda, a ɗaura, allura ta ci gaba da barcinta. Kaya sun yi tsada, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 hanyar shigowarsu ta ƙara nisa. Garin ma ba kamar da ba, tun da mahaƙar uraniyom ta Cominak ta rufe a ƙarshen watan Maris na 2021 kuɗi suka ja baya a hannun mutane. Dubi mai lambu a Timia ko Iferouane: in ruwa bai kai fangali ba, ba sabon injin ban ruwa yake fara saya ba, magudanar yake bi taki-taki har ya ga inda ta fashe. Haka za mu bi wannan, daga abin da ba ya cin ko dala zuwa mai cin kuɗi.

Fara da tablo, kana zaune a kujerarka. Ja motar kaɗan ka lura da abu biyu, allura da lambobin kilomita. In allura ta kwanta amma lambobi na ƙirgawa, to labari yana isowa, kabul ko kaptar lafiyarsa ƙalau, cutar na cikin kontar. In duka biyun sun tsaya, cutar na ƙasa ko a kan hanya. Sannan dubi maƙwabta. Allurar mai da ta zafin inji su ma sun kwanta? To je ka akwatin fiyus. A Toyota nemi wanda aka rubuta wa GAUGE. Fiyus ɗaya ne ke ciyar da su duka, kuma in ya ƙone ka sa mai lamba irin tasa. Kada ka naɗa masa zaren waya ko takardar sigari, wannan ɗabi'a ta ƙone motoci. In kuma allura na aiki a kwalta, amma da ka shiga gargada sai ta riƙa tsalle tana faɗuwa tana tashi, wannan ba mutuwar kaptar ba ce. Wani wuri ne ya saki, soket ko waya, jijjiga na haɗa shi tana raba shi.

Bayan haka ka tambayi motar da kanta. Tsofaffin Toyota masu esansi suna da wani ɗan baƙin akwati a ɗakin inji, an rubuta DIAGNOSIS a murfinsa. Buɗe murfin, a cikinsa akwai taswirar ramukan. Kashe mota, ka haɗa ramin TE1 da ramin E1 da guntuwar waya, ka murɗa makulli tablo ya kawo wuta ba tare da ka tayar da inji ba. Fitilar inji za ta fara ƙiftawa. In tana yi a jere ba tsayawa, ƙwaƙwalwa ba ta riƙe da laifin kowa. In ta ƙifta sau 4, ta ɗan tsaya, ta ƙifta sau 2, wannan lamba 42 ke nan, kuma ma'anarta labarin gudu ba ya isowa. Ka duba taswirar da kyau kafin ka soka waya, don akwai ramin da ke ɗauke da wutar batir a wurin. Motocin da suka biyo baya kuma suna da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Amurka ta wajabta shi daga 1996, Turai ta wajabta wa masu esansi daga 2001, masu gazuwal daga 2004. In aka sa na'urar bincike lambar da za ta fito ita ce P0500. Zan maimaita don mai rubutawa: P0500.

Sai dai a kula. Ko 42 ko P0500, ba cewa suka yi kaptar ya mutu ba. Cewa suka yi saƙo bai iso ba. Mai na'urar da ya karanta lamba ya ce maka nan take "sai sabo", bai gama aikinsa ba.

(Gajeren kiɗa)

Masu saurare, muna tare har yanzu, muna bin sawun cutar kontar. Yanzu za mu sauka ƙarƙashin mota.

Ina yake zaune? A ƙananan motoci masu ja da tayoyin gaba, kamar Corolla da Carina E da 406, yana saman giya ta baya, wajen bangon da ya raba inji da direba, daidai inda sandunan tayoyi ke fita. Daga sama ake kai masa hannu, wani lokaci sai an cire akwatin matatar iska. A masu ja da baya yana wutsiyar giya, gab da inda farfela ta kama. A kat-kat kuwa, Hilux ko Land Cruiser, kada ka ɓata lokaci a babbar giya. Yana jikin giyar taimako, ta baya, kusa da bakin farfelar baya. Yara kan rikita shi da makunnin fitilar ribas ko na fitilar taimako, don su ma suna nan kusa da wayoyinsu. Bambancin shi ne waɗancan ƙanana ne masu kan noti, shi kuwa yana da jiki mai ɗan tsawo, kuma galibi ƙaramin noti ɗaya ne ke riƙe da mazauninsa ta gefe.

Kafin kowa ya kwanta ƙarƙashin mota, maigida, wannan hakkinka ne a kan yaronka. A bar salansa ta huce. A sa waigi gaba da baya. Jak ba abin dogaro ba ne, balle a kan rairayi inda yake nutsewa a hankali ba ka sani ba. A shimfiɗa masa katako mai faɗi, a kuma tokare motar da abin da ba ya gocewa. Tun da mun zo nan bari in ƙara wata magana da ta shafi garinmu kaɗai. Tun a 2003 masu bincike na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa, tare da Aghirin'man ta nan Arlit, suka gano ƙarafa masu ɗauke da burɓushin uraniyom a kasuwa. Guntun bututu ko ƙarfen da ba ka san asalinsa ba, kada ka mai da shi matokari ko kujera a garejin da yara ke wuni.

Mai kabul aikinsa da sauƙi. Kwance shi daga jikin giya, ka kama bakin igiyar da yatsu biyu ka murza da sauri, wani na kallon tablo. In allura ta ɗan zabura, igiya da kontar lafiya lau, saura haƙorin roba. In ba ta motsa ba murza ta ɗaya gefen. In har yanzu shiru, ja igiyar. In ta biyo hannunka guntuwa, ta tsinke. Duba bakinta kuma, in kusurwoyin sun cinye ya zama kamar ƙusa, zai riƙa juyi a banza bai kama ba. Allurar da ke lilo tana kaɗawa, tare da ɗan ƙara a bayan tablo, alamar igiya ta bushe ce ko rigarta ta lanƙwashe. Zare ta, ka wanke da gazuwal, ka shafa mata man giris kaɗan, amma ka bar kamar taƙi ɗaya na sama ba mai, don in giris ya hau cikin kontar ƙura za ta bi shi ta daskare. Wajen mayarwa kada ka karya ta kwana mai tsanani, kada kuma ta kwanta a jikin salansa.

Mai kaptar kuwa, soket ne farkon abin tuhuma, kuma a nan nake so mu daɗe. Zafin garin nan da ke haura digiri 40 wata da watanni, ga zafin giya, yana busar da roba har ta zama kamar ɓawon ƙwai. Ɗan harshen da ke kulle soket ya karye, soket ya zauna a sake. Ƙura ta shiga, man giya da ya tsattsafo ya jiƙa ta, ta zama laka baƙa. In damina ta yi, koramun da ke gangarowa daga duwatsun Ayar suka yanke hanya, mota ta tsoma ciki, sai ruwa ya ƙarasa aikin, ƙarafan ciki su yi kore. Cire soket ɗin a hankali, ka kama jikinsa, ba wayar ba. Haska tocila ciki. Wanke shi da ɗan esansi da tsohon buroshin haƙori, ka bari ya bushe sarai. In bakunan sun buɗe, matse su kaɗan da bakin allura. Sannan bi wayar da yatsunka taƙi biyu ko uku, kana lanƙwasa ta. Waya kan karye a cikin rigarta, waje lafiya, ciki a rabe, kuma yawanci dab da soket take yin haka. Inda ka ji ta yi laushi fiye da sauran, ko ta miƙe kamar roba da ka ja, nan ne. In za ka haɗa, yi da dalma ka rufe da kyau. Murɗawa da hannu a naɗe da salatif ba ya kai ka Agadez.

In soket da waya sun fita zargi, sai a ɗauko mita. Ƙirga wayoyin kaptar. In uku ne, ɗaya wuta ce, ɗaya ta bodi, ɗaya ta saƙo. Cire soket, buɗe makulli, sa baƙin bakin mita a jikin ƙarfen mota, ka taɓa ramukan ɗaya bayan ɗaya da jan. Dole ɗaya ya ba ka wajen bolt 12. In babu, kaptar bai da laifi, yunwa ce ke damunsa, koma wajen fiyus da waya. Sannan ka tabbatar ta bodin tana haɗe da bodi. In waɗannan biyu sun cika, mayar da soket, ka soka siririyar allura ta bayansa a kan wayar saƙo, ka haɗa mita. Kada ka tayar da inji. Sa giya a firi, a wuri mai shimfiɗa, ka jawo wayoyin mita gefe, mutum biyu su tura motar a hankali, wani na kan birki. Idonka a kan mita. Lafiyayyen kaptar zai riƙa hawa da sauka: kusan sifiri, sai sama, kusan sifiri, sai sama. Na Toyota sau 4 yake yi a kowane juyin sandarsa. In lamba ta tsaya cak wuri ɗaya mota na tafiya, to yanzu ne zargi ya sauka a kansa. In kuwa yana hawa da sauka amma allura shiru, cutar na tsakaninsa da tablo. Abu ɗaya: kada a gwada wayar saƙo da fitilar gwaji mai babban ƙwai, tana jan wutar da ta fi ƙarfin abin.

In wayoyi biyu ne a jikin giya, galibi irin mai maganaɗisu ne da naɗin waya a ciki, wanda ke haifar da wutarsa da kansa. Shi ana auna shi da ma'aunin om. Lafiyayye kan ba da ɗaruruwa, wani ya haura dubu. In mita ta nuna a yanke yake, ko ta nuna sifiri, ya tafi. Zare shi ka dubi kansa, sau da yawa za ka tarar garin ƙarfe ya taru a kai ya yi gemu. Goge shi ka mayar, wata sa'a shi ke nan. Amma garin ƙarfe mai yawa saƙo ne daga giya cewa tana cin kanta, a duba manta. Masu ABS kuma su bi tayoyi huɗun, don wayoyinsu a fili suke, dutse da ƙaya na samunsu, kuma boris da ya yi sako-sako kan nisanta kaptar da haƙoransa.

Ko mita ta nuna kaptar shiru, saura mataki ɗaya kafin a sa hannu a aljihu. Kwance notin, ka zaro mazaunin gaba ɗaya, ka dubi haƙorin robar nan. Yana iya cinyewa ta tsakiya ya zama sumul, ya daina kama abokinsa na ciki. Kaptar lafiya lau, mai juya shi ne ya gaza. Murza sandar kaptar da hannu, makulli a buɗe, mita na haɗe. In ya amsa ka gane. In za ka sayi wani haƙorin, ƙirga haƙoransa, ka tafi da tsohon a aljihu. Ba duka ɗaya ba ne, an yi kowanne daidai da aksul da girman tayar motarsa, bambancin haƙori ɗaya ko biyu zai sa kontar ya riƙa ƙarya har abada. Wannan ya fi samun motocin da aka sauya wa giya da ta wata mota. Ka canza zoben robar da ke hana mai fita, ka kuma rufe ramin da tsumma mai tsabta muddin yana buɗe. Cokali ɗaya na rairayi a cikin giya ya fi mutuwar kontar muni nesa ba kusa ba.

In bincike ya dawo da kai tablo, yawanci dalma ce ta tsage a bayan kontar saboda jijjiga da zafin rana, ko ƙananan kondansa sun tsufa sun zubar. Mai gyaran rediyo da talabijin mai haƙuri ya fi bakanike iya wannan. Kuma a riƙa tunawa, duk sa'ad da za a yi walda a jikin mota, ko kariya ce ta jarkoki ko ƙarin tanki, a cire kan batir tukuna, a kuma maƙala wayar bodi ta injin walda kusa da inda ake aiki.

To an gyara, allura ta tashi. Gaskiya take faɗi? Gwada ta. Wayar hannu mai GPS na nuna gudu, ka ba na kusa da kai ya riƙe, kai ka dubi hanya. In babu, lissafi ya isa: mota a kan 60 tana cin kilomita ɗaya a minti ɗaya daidai. Kada ka damu in kontar ya ɗan zarce gaskiya, da gangan aka yi shi haka. Ƙa'idar da masu ƙera motocin Turai ke bi ta hana shi nuna ƙasa da ainihin gudu, ta yarda ya zarce da kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4. Abin tsoro shi ne kishiyar haka, kuma mu ke jawo shi da hannunmu. Muna son manyan tayoyi saboda rairayi da lodi. Tayar da ta fi ta asali da kashi 10 cikin 100 za ta sa kontar ya nuna 100 alhali kana kan 110, ya ƙirga maka kilomita 100 alhali ka ci 110. Ga lodi har sama, ga taya ta yi zafi, ga rami na jira. In ka ƙara girman taya ka auna bambancin sau ɗaya, ka rubuta a takarda ka manna a tablo, ka riƙa sa shi cikin lissafin mai da na juye.

Akwai kuma waɗanda ke cire soket ɗin da gangan. Direba ya cire don kada mai mota ya san inda ya je da ita, mai sayarwa ya cire don kilomita ta daina hawa. Wannan cin amana ne, kuma wanda zai saya ko zai hau shi ake cuta, don zai ɗauka bel ɗin inji da sauran kaya suna da sauran kwana alhali lokacinsu ya wuce. In za ka sayi tsohuwar mota ka ga kontar a kwance, leƙa ƙasa. Soket ɗin da ya faɗi da kansa za ka gan shi yana reto, ya yi baƙi da mai da ƙura. Wanda aka cire da hannu sau da yawa a ɗaure yake a gefe, an ma naɗe shi da leda. In ka ga haka kada ka yarda da lambar da ke tablo. Dubi yadda robar feda ta cinye, da sitiyari, da kujerar direba, ka kuma sa a canza bel da duk mayukan motar kafin ka ɗauki hanyar Assamaka ko ta Agadez da ita.

Lokacinmu ya cika. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu duba lagireto da zafin inji, tun kafin bazara ta kama. Kanikawan da ke da abin ƙarawa a kan na yau, ƙofar gidan rediyo a buɗe take, ku zo mu sa muryarku a shiri. Allah Ya kiyaye hanya. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)